Lomar da Yaya Man-sik Ya Naɗe

Yayana Man-sik mutum ne da sai ka yi da gaske kafin ka ji muryarsa. Shi ya sa hankalina ya tashi ranar da 'yarsa Da-som ta ce a gidan abincina, nan birnin Suwon, za ta haɗa shi da saurayinta. Yarinyar ta riga ta rantse ba za ta yi aure ba sai da yardar ubanta. Shi kuwa ya taɓa korar wasu samarin ba tare da ya ce musu uffan ba, tashi kawai yake yi ya bar su da abinci a gaba.

"Gwaggo, ki rufa min asiri," in ji ta. "Chan-u ba ya iya cin yaji. Ko kimci, kabejin nan mai ɗan yaji, sai ya ɗauraye shi a ruwa."

"A ruwa? Ke, miji kika samo ko ɗan goye?"

Ranar Lahadi da rana suka zo. Yaron dogo ne, siriri, ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa tebur. Na zuba musu gawayi a murhun gashin da ke tsakiyar teburin, na jera ƙananan kwanuka, na kawo haƙarƙarin saniya wanda ya kwana cikin haɗi. Na ƙara da pajon, wainar albasa mai lawashi, da japce, taliyar nan mai sheƙi, da miyar daddawar waken suya tana tafasa a kaskonta. Duk abin da ba shi da yaji na tura gaban Chan-u. Yaya ya ga abin da na yi, ya harare ni.

Da yake Chan-u ne baƙo kuma ƙarami, shi ya ɗauki almakashin yanka nama da abin juya shi. Ya ɗora naman a kan wuta. Yankan farko ya ƙone ƙurmus. Raina ya ɓaci, don naman nan da hannuna na tsaga shi, amma in na karɓa na gasa masa, na gama kunyata shi. Sai na tsaya ina goge teburin da babu abin gogewa a kansa.

"Aikin me kake?" Yaya ya tambaya.

"Ina koyar da yara lissafi, Baba."

"Hm."

Shi ke nan hirar. Da-som ta sunkuyar da kai tana wasa da cokali, ko loma ɗaya ba ta kai baki ba. Tausayinta ya kama ni.

Can sai Yaya ya ɗauki ganyen latas ya shimfiɗa a tafinsa. Ya ɗora ƙonannen naman nan, ya sa ɗanyar tafarnuwa biyu, ya lafta jan yaji, ya karya koren barkono ya tusa. Ya naɗe abin ya kai girman ƙwan agwagwa. Sannan ya miƙa hannu har bakin Chan-u.

A wurinmu ba a gutsurar wannan loma, ba a kuma mayar da hannun babba. Tun da matarsa ta rasu ban ga Yaya ya naɗe wa kowa ba, don haka na rasa gane ko ƙauna ce ko mugunta.

"Baba, ai shi..." Da-som ta fara.

"Da ke nake?"

Chan-u ya buɗe baki ya karɓe ta gaba ɗaya. Ya juya gefe, ya kare bakinsa da hannu, ya shiga tauna. Kunnuwansa suka yi jajur, hawaye na bin kumatunsa, zufa na ɗiga daga haɓa. Bai nemi ruwa ba. Ya daɗe yana fama kafin ya haɗiye, sannan ya juyo.

"Akwai daɗi, Baba. Na gode."

"Ƙarya kake," in ji Yaya.

Ya dafa tebur ya yunƙura. Na ce a raina shi ke nan, wannan ma ya bi sahun 'yan uwansa. Ashe almakashin ya miƙa hannu ya ɗauka. Ya jawo sauran naman gabansa ya fara jerawa a kan wuta da kansa, sannan ya ɗaga murya.

"Ke Sun-rye! Kallo kika zo yi? Kawo wa surukina taliyar sanyi, da ƙanƙara, kafin ya mace mana a nan."

Da-som ta kifa kai a tebur ta fashe da kuka. Ni kuwa ban san lokacin da na isa kicin ba. Na zauna a kan buhun shinkafa ina dariya ina share ido. Sai da ya sake ƙwala min kira sannan na tuna ban ɗora ruwan taliyar ba.