Allon Sanarwa a Ƙofar Malam Kuwabara

Yatsana har ya kai kan ƙararrawar ƙofar Malam Kuwabara, sai na dubi jikina. Rigar girki ce, duk ta jiƙe da ruwan kabeji, ga ƙarnin kifi a hannuwana. Na ce a raina, wa zai tsaya gaban Malam a haka? Na rataye allon sanarwa a mariƙin ƙofa, na rusuna wa katako, na koma gida. Ranar Litinin ce.

Allon nan shi ke zagaya gidajen layinmu da takardun unguwa: ranar kwashe shara, ranar allurar tsofaffi. Ƙa'idarsa hannu da hannu, ka ga fuskar maƙwabcinka, ya buga hatiminsa ya miƙa gaba. Daga gidanmu sai na Malam.

Shekara talatin da takwas Malam ya yi yana koyarwa a firamaren garinmu. Har daga birnin Nagano malamai kan zo su jeru a bayan aji da littattafansu, don kawai su ga yadda yake koyar da lissafin rabawa. Ɗana Noboru mai i'ina ne a lokacin. Shekara biyu Malam yana zama da shi bayan an tashi, har bakinsa ya saki. Yau Noboru ɗin malami ne a Osaka.

To, ku ji irin ladan da muka ba shi. Da ya yi ritaya, matarsa ta rasu, muka cire sunansa daga masu yashe magudanar layi, wai Malam ba ya shiga kwata. In maza sun zauna shan shayi ya tunkaro, sai kowa ya miƙe, hira ta mutu. Sau ɗaya ya ce mini, "Fusae, ku riƙa kirana aikin nan mana, ina da takalmin roba." Na rufe baki ina dariya, na ce Malam akwai tawali'u.

Ranar Talata allon yana nan inda na bar shi.

"Baban Noboru, Malam bai ɗauki allo ba," na ce wa mijina Shigeo.

"Ki je ki buga mana."

"Hannu rabbana? Jiya na rataye masa abu kamar mai raba takardar talla, yau kuma in je ba ko 'yar tsaraba? Kai ka je."

Ya sauke jarida. "Ni? Mutumin da har yau in ya dube ni sai in ji kamar ban yi aikin gida ba?"

"Ai bai taɓa koyar da kai ba."

"Shi ya sa na fito haka."

Muka yi dariya, muka ce ƙila Malam ya tafi wurin 'yar'uwarsa.

Ranar Laraba na gyara gashina, na sa rigar fita, na hau bas har bakin tasha na sayo alawar wake, irin mai kyau, aka naɗe mini a takarda. Sai da rana ta take na danna ƙararrawa. Shiru. Na kira Shigeo, ya zagaya ta baya ya ture ƙofar kicin. Ya daɗe bai fito ba, da ya fito kuma hularsa na hannunsa.

Likita ya ce faɗuwa Malam ya yi, ƙugunsa ya karye, tun wajen safiyar Litinin, amma rai bai fita ba sai safiyar Larabar nan. Daga inda yake kwance zuwa ƙofar da na tsaya bai fi taku shida ba.

Ranar jana'iza layinmu ya cika ya batse da baƙaƙen kaya. Ɗalibansa ne, wasu da furfura, wasu da goyo. Kowa cewa yake, "Ba a yi malami irinsa ba." Noboru ya tsaya kusa da ni muna jiran a fito da akwatin.

"Mama, ba ke ke kai masa allo ba? Yaushe kika gan shi ƙarshe?"

Shigeo ya ɗan taka mini ƙafa. Da na ce Lahadi, da an wuce wurin.

"Litinin na je," na ce. "Ban buga ba. Na ga kayana ba su dace ba. Yana ciki yana jina."

Noboru bai dube ni ba. Ya buɗe baki, harafin farko ya maƙale masa, abin da rabona da in ji tun yana aji huɗu.

"Ni ma duk hutu nakan wuce ƙofar nan," ya ce da ƙyar. "Jira nake in zama malamin da zai iya nuna masa fuska."

Motar gawa ta yi ham mai tsawo, muka sunkuya gaba ɗaya har ta sha kwana.

Wata biyu ke nan. Lemon gidan Malam ya nuna, reshe ya tsallako katanga har yana taɓa igiyar shanyata. Ba wanda ya miƙa hannu. Da safe ina jin su suna faɗuwa ɗai-ɗai a kan tsakuwa.