Sunan Ɗan Fari a Lasifika

Shekara talatin da ɗoriya Malam Rilwanu yana kiran sunayen 'yan wasan besbol ta lasifika a ƙaramin filin da ke kusa da garin Bowie a Amurka. Babu sunan da bai furta ba, na 'yan Kuba, na 'yan Koriya, har waɗanda ke murɗe harshe. Sai guda ɗaya tak: Nasir, ɗansa na fari, mai sunan marigayi mahaifin Malam. Bakatsine ne na gidi, kunya ba ta barinsa. A gida yaron Abba ne, ko kuma "kai".

Shi kuwa Nasir haihuwar nan ne, ina ya san wata kunya? Ya taɓa gaya wa uwarsa, Hajiya Raheema, da Turanci, wai babansa ya san sunan kowa a duniya ban da nasa. Ta yi bayani har bakinta ya gaji. Tun daga nan ya ɗauke ƙafa daga gida.

To, ranar da Malam zai ajiye aiki, sai ga ƙungiyar baƙi ta iso, Nasir yana cikinta. Hajiya tana zaune cikin 'yan kallo. Ta san mijinta sarai: abokin aikinsa Raymond zai miƙa wa makirufo, shi ke nan kuma yaron ya tafi ke nan.

Nasir ya fito da sandarsa ta buga ƙwallo. Lasifika ta yi tsit, har mai tallan gyaɗa ya ɗaga kai sama. Sannan muryar da kowa ya sani ta cika filin, tana rawa.

"Nasir Rilwanu."

Hajiya ta dafe ƙirji tana salati. Malam ne kuwa? A bainar jama'a? Nasir ya sandare, idonsa a kan ɗakin gilashin masu sanarwa da ke sama. Aka jefo masa ƙwallo har sau uku bai ko ɗaga sanda ba, alƙalin wasa ya fitar da shi.

Hajiya ta hau benen zuwa ɗakin. Yanzu Raymond ya karɓi makirufo. Malam yana gefe, hularsa a kan gwiwa, gumi ya jiƙe masa riga. Ya ɗago ya dube ta.

"Hajiya, na faɗe shi daidai kuwa? Ban taɓa gwadawa ba."