Baiti na Takwas

…kuma ba mota ko ɗaya, Baba. Tun daga tsohuwar gada ko keke ban gamu da shi ba. Rana tsaka, kwalta sai ƙyalli take kamar an kwara mata ruwa. Fasinja goma sha huɗu a bayana, kowa ya saki wuya — har mai jegon nan da ta ishe ni da "direba, a hankali". Jaririnta ma tsit.

Kai ne ka ce min hanyar nan ba rami, ba kwana, shi ya sa take cin direbobi. Barci take sa mutum yana riƙe da sitiyari. Sai ka yi mata waƙa. Taya na taka gaɓar kwalta — tak-tadak, tak-tadak — kana ɗora murya a kai. Baiti bakwai, daga gada zuwa dogon ƙarfen sadarwa. "In ka gama na bakwai ba ka ga ƙarfen ba, taka birki. Ba a farke kake ba."

Dariya na yi maka ran nan. Tsoho da camfi! Ka ɗaka min duka a ƙeya, hannunka na warin baƙin mai…

Shekara tara ke nan da aka zaro gawarka daga ƙarƙashin motarka a wannan miƙaƙƙiyar hanyar. Taya lafiya, birki lafiya. Wallahi har yau haushinka nake ji. Kai da ka yi waƙar?

Tak-tadak. Baiti na biyar nake? A'a, na wuce shi. Na shida na Inna ne, tana jiran hon a ƙofar gida. Na bakwai — ai na yi na bakwai. Na tabbata na yi.

To ina ƙarfen?

Ciyawa, ciyawa, bishiyar nan mai reshe ɗaya. Ba ita na wuce ɗazu ba?

Kuma waƙar ba ta tsaya ba. Ga wani baiti, ban taɓa jin sa ba, ga daɗi, sanyinsa har ƙashi… wai an iso, a sauke kaya, a huta. Yaushe ka ƙara shi, Baba? Muryar ma taka ce, har da 'yar dishewar nan ta sigari.

Tsaya. Ni bakina a rufe yake.

Birki — ina ƙafata — ta yi nauyi, kamar ba tawa ba. Mutum goma sha huɗu da jariri. Ina jin tsoro, Baba.

Ashe wannan ka ji ranar.

Idona… a buɗe yake kuwa?