Zuciyar da Shafqat Bai Dawo da Ita Ba

Shekara da shekaru ni da Shafqat, wanda nake kira Bhai, wato yaya, muke zama muna fuskantar juna a teburin wasan kartar birij a kulob ɗinmu na Lahore. Ya girme ni, shi ma ya koya mini wasan tun ina sabon malamin makaranta. Da tsaro aka san mu. Idan abokan karawa suka yi alkawarin cin zagaye goma cikin sha uku, mu ne masu nemo huɗun da za su karya alkawarin, ba magana, ba ƙifta ido. Kartar da ka ajiye ita ce bakinka.

A wata shekara ƙungiyarmu ta mutum huɗu ta kai wasan ƙarshe na zaɓen masu zuwa gasa a Colombo. Da mutanen Chaudhri Riyasat muka haɗu, wani mai masaƙa da ya fi iya tara gwanaye a kan iya wasa. Bayan la'asar aka raba hannun ƙarshe, muna gaba da ɗan kaɗan. Chaudhri da kansa ya yi alkawarin goma.

Ni ne mai fara fitowa. Karta mai tambarin zuciya guda ɗaya tak ce a hannuna, na ajiye ta. Shafqat ya cinye da as, babbar kartar zuciya. Ɗan koyo ma ya san abin da ya rage: ya dawo da zuciya, ni da ba ni da ita in yanke da launin da ke cin kowa, alkawarin Chaudhri ya rushe. Mun yi haka ba adadi.

Shafqat ya kalli kartarsa. Ya kurɓi shayi. Sannan ya zaro wani launi daban ya ajiye, bai ɗago kai ba. Chaudhri ya kwashe gomansa cif, wasa ya zama nasu, ya miƙe yana dariya yana gyara rawani.

Da abokanmu biyu suka taso daga ɗaya teburin, ɗayansu, Parwez, ya ce, "Yaya aka yi wannan hannun ya wuce ku? Ku fa?"

Shafqat ya girgiza kai. "Kartar da Tanwir ya fito da ita ce ta ruɗe ni. Amma ku bar shi, kowa yana kuskure."

Har ya dafa kafaɗata. Ni kuma, saboda girmansa a idona, na ba su haƙuri. Na yi makonni ina jujjuya hannun nan a kaina, ina neman inda na kauce. A cikin aji ma sai in tsaya da alli a hannu, ɗalibai suna kallona.

Wata ranar Asabar na kai ɗinki wurin telana a kasuwar Anarkali. Ina ɗaga labule na ga Shafqat a tsaye, hannuwa a buɗe, ana gwada masa koren kwat. A aljihun ƙirji an ɗinka tambarin masaƙar Chaudhri. Irinsa biyar suna rataye a bango.

Tela ya ce, "Malam Tanwir, ka taya ɗan'uwanka murna! Colombo za shi. Ai tun kafin azumi Chaudhri Sahib ya aiko da awonsa."

Wasanmu bayan Sallah aka yi shi.

Shafqat ya sauke hannuwansa. "Tanwir, zo mu sha shayi."

"Bhai, ka san zuciya ɗaya ce a hannuna?"

"Kai dai zo mu zauna."

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

Ya dubi tela, ya dube ni. "Na sani. To sai me? Gashina ya yi fari ina wasa a ɗaki ɗaya, ƙarƙashin fanka ɗaya. Ko mun ci, wa zai ɗauki nauyin tafiyarmu? Parwez? Kai ma da an taya ka..."

"Da ka tafi kawai, wallahi da ni zan raka ka filin jirgi. Amma ka ɗora mini laifin, ka bar ni ina ba mutane haƙuri."

"Wasa ne fa, yaro. Karta ce."

Na ɗauki yadina na fita, ban ba da ɗinkin ba.

Sun je Colombo, an fitar da su tun zagayen farko. Shekara na zagayowa Chaudhri ya samo wani gwani daga Karachi, ya ajiye Shafqat. Yanzu Shafqat yakan zo kulob ya zauna kusa da taga, yana jiran wanda abokinsa bai zo ba. Ban gaya wa kowa abin da na ji a shagon tela ba, amma tela yana da baki.

Da Parwez nake wasa yanzu. Bai kai Shafqat ba, ko kusa. Idan Shafqat ya yi mini sallama ina amsawa. Duk Sallah matarsa tana aiko mana da kwanon kheer, wato shinkafa da madara da sukari, kamar yadda ta saba, yara su rarrabe, ni kuwa ban sake sa masa cokali ba.