Famfon da Shamsiyya Ke Sha

Da na san abin da zai biyo baya, da ban sa roba ƙarƙashin famfon nan ba. Duk wanda famfon gidansa ya fara ɗiga alhali babu ruwa a layi, ina roƙonsa kada ya tari ruwan.

A Gidan Igwai muke, ni da matata Sadiyatu da ɗiyarmu Shamsiyya mai shekara biyar. Layinmu ya daɗe bai ga ruwan gwamnati ba, wurin 'yan ga-ruwa muke saye. Famfon tsakar gida ya bushe, har shanyar tsumma ake yi a kansa. Ana tsakiyar zafin bazara, wata rana bayan azahar, na ji ɗis, ɗis a kan siminti. Na matse kan famfon, bai daina ba. A garin nan ba a kallon ruwa yana zuba ƙasa, sai na tura roba ƙarƙashi. Da ta cika Sadiyatu ta ɗebo a moɗa ta ba yarinyar. Ruwan garau yake, da sanyi kamar an sa ƙanƙara, alhali ƙarfen famfon ba ya taɓuwa don zafi.

Tun daga ranar Shamsiyya ta daina shan kowane ruwa. Na randa ta ce ɗaci, na leda ta tofar. Sai ta tsuguna gindin famfon da kofinta tana jira, rana na dukan kanta, ba ta ko ƙifta ido.

Na kira Muntari mai gyaran famfo daga Ƙofar Rini. Ya kwance kan da sifana yana dariya.

"Malam Badaru, wanga ba aiki ba ne. Ko robar ciki ta cinye, ko yashi ya maƙale, ko tsatsa ta ci mazaunin. Ku kuma da murɗa famfo kamar kuna murɗe wuyan zakara, dole roba ta mutu."

Na ce, "To ruwan daga ina yake tahowa?"

"Saura ne cikin bututu. Zai ƙare."

Ya sa sabuwar roba, bai daina ba. Ya dawo ya canza kan gaba ɗaya, sabo fil cikin leda. Kafin ya gama tattara kayansa ɗigon ya dawo. Dariyar Muntari ta tsaya. Ya karɓi diga ya tona bakin ƙofar gida, sai ga bututunmu a yanke tun lokacin da aka gina kwalbati, bakinsa cike da busasshiyar laka.

Muka dawo ciki ya bi bututun daga gindin famfon. Kusa da bangon ɗakin kwananmu ya tarar da wani reshe na tsohon baƙin ƙarfe, ya miƙe ƙasa sak. Ya yi ta tono har ramin ya kai masa ƙugu, bututun bai karkata ko'ina ba. Ya ɗora kunne a jikinsa, ya daɗe, sannan ya fito yana kakkaɓe wando.

"Mi ka ji?" in ji ni.

"Maigida, ni dai ban ƙara tono. Bari in yanke shi in toshe."

Na ce ya toshe. Ya yanke, ya ɗaura murfi, ya tafi ko hannu bai tsaya wankewa ba.

Shamsiyya ba ta yi kuka ba. Ta zauna gindin famfon da kofinta. Muka lallasa, muka yi faɗa, Sadiyatu ta jiƙa mata gari, ta dama kunu, duk ta rufe baki. Wani malami ya ba da rubutun sha, ta kawar da kai. Leɓɓanta suka tsattsage, idanunta suka faɗa. A asibiti aka yi mata ƙarin ruwa, likita ta ce ba ta ga wata cuta ba, mu dai mu dage da ba ta ruwa. Muka dawo gida, ta koma gindin famfon.

Sadiyatu ta riƙe mini riga. "Baban Shamsiyya, ko mi ne ne a ƙasan nan, bai kashe ta ba. Ƙishirwa ita za ta kashe ta."

Muntari ya ƙi ɗaukar wayata. Da hantsi na ari sifana wurin maƙwabci, na shiga ramin na kwance murfin da kaina. Ruwan ya taso a hankali ya tsaya daidai bakin ƙarfen. Na cika kofi na miƙa wa Shamsiyya. Ta shanye, ta goge baki, ta ce, "Baba, ka daɗe. An yi ta kirana."

Na tambaye ta wa ke kiranta, ta ce ita ma ba ta gani.

Yanzu ta murmure, tana zuwa makaranta da gorarta cike da ruwan. Ni da uwarta ba mu taɓa ɗanɗana shi ba. Har yau ban san inda bututun nan ya ƙare ba, kuma ban san abin da Shamsiyya za ta sha ba ranar da ya ƙafe.