Sifikar da Verna ta Soka

Odessa ta jona wayar akwatin sifika a bango, ta ɗora jitar a cinyar mahaifinta, sannan ta ja da baya tana goge gumin hannunta a jikin siket.

"To, Baba, ga ta nan. Taɓa mu ji."

Tsoho Lucius Tillman ya dubi jitar, ya dube ta, irin kallon da ake yi wa baƙo mai kirki. Shekara biyu ke nan yana wannan gidan kula da tsofaffi da ke bakin garin Clarksdale, ciwon mantuwa ya cinye masa kusan komai. Ya manta titin gidansu, ya manta matarsa Verna ta rasu. Ita kuwa Odessa, 'yarsa tilo, "baiwar Allah" yake ce mata. Yatsunsa ne kawai ba su manta ba. In aka jona jitarsa da tsohon akwatin sifikarsa ya yi kiɗa, idonsa kan washe na ɗan lokaci, har ya kira ta da sunanta. To akwatin ya mutu wata bakwai da suka wuce, ita kuma aikin gidan waya ya sha mata kai, kullum sai ta ce gobe za ta kai gyara. Wata bakwai ɗin nan cif rabon da ta ji sunanta a bakinsa.

Yau kuwa babu sauran gobe. Ƙarfe uku motar asibiti za ta zo ta tafi da shi birnin Memphis, da safe a yi masa aikin zuciya. Likita bai ɓoye mata ba: mutum mai shekara tamanin da ɗaya, ana iya shiga da shi bai farka ba. Abu ɗaya take so a duniyar nan, ya san wace ce ita kafin a rufe ƙofar motar.

Lucius ya danna tsarkiya, ya tura ta sama da yatsa kamar yadda ya saba. Sauti ya fito tar, tsaf, babu ko ƙura, kamar an kaɗa kofin gilashi. Ya sake. Ya karkata kai yana saurare. Sai ya zare hannu daga jitar a hankali, ya miƙa mata.

"Baiwar Allah, mayar wa mai ita. Wannan ba tawa ba ce."

"Taka ce, Baba! Ga sunanka nan a baya, kai ka zana shi da wuƙa."

"Tawa tana kuka," in ji shi. Ya juya fuskarsa wajen taga.

Odessa ta karɓi jitar. Ta san abin da ta yi. Shekaranjiya da ta kai akwatin shagon Mista Percy mai gyara, ya buɗe bayansa, ya ce waya ɗaya ce ta tsinke, aikin minti goma ne. A nan ta hango takardar sifikar, wadda ke kaɗawa ta fitar da sauti, baƙa, tsohuwa, da huji da yaga a gefe. Ta ce a canza. Ya ce, "Odessa, bar wannan yadda take." Ta ce ubanta ya wuce a bar shi da tsumma, sabuwa take so, mafi kyau a shagon. Mace ce mai son abu tsaf, wadda ko tawul sai ta goge shi da dutsen guga. Kuma in ta kafe, ta kafe ke nan.

Ta dubi agogon bango. Ɗaya da kwata.

Sista Mavis, nas ɗin da ke kula da sashen, ta leƙo da tiren magani. Ta ga Odessa na kiciniyar ɗaukar akwatin.

"Ke, ina kuma za ki da wannan gawar?"

"Yanzu zan dawo. Don Allah, Mavis, ko sun zo kar ki bari su tafi da shi."

"Ni? Ni wace ce da zan tsare motar asibiti? Ke dai yi sauri, 'yar'uwa."

Tafiyar minti ashirin ce zuwa shagon, amma ranar sai da jirgin ƙasa na kaya ya tare hanya. Tarago na bin tarago, ba su da niyyar ƙarewa. Odessa ta ƙirga har sittin da wani abu ta daina, ta kifa goshi a sitiyari. Rana ta take, gonakin auduga hagu da dama sun yi shiru, motar ta zama tanda. Da aka ɗaga sandar, ta taka mai kamar mai gudun 'yan sanda.

Ta samu Mista Percy a bayan kanta yana cin soyayyar tarwaɗa da burodin masara a cikin takarda. Tsoho ne siriri, sa'an ubanta, shekara hamsin da ɗoriya shi ke gyara wa makaɗan garin kaya. Da ya ga akwatin a hannunta bai ko daina tauna ba.

"Ya ƙi ta, ko?"

"Ina tsohuwar? Mayar min da ita yanzu-yanzu."

Ya nuna wani kwali da cokalinsa. Ta leƙa. Ƙarfen sifikar na nan, amma takardar ta zama gari, kamar busasshen ganye da aka taka.

"Ina kwance ta ta ruguje a hannuna. Shekara hamsin da biyu, yarinya. Ƙura da ikon Allah ne kawai suka riƙe ta."

Ta zauna a kan wata tsohuwar ganga. "Me ya sa ba ka hana ni ba?"

"Au! Ban hana ki ba? Har yatsa kika nuna min a cikin shagona. Uwarki sak, Allah ya ji ƙanta."

"Mista Percy, ƙarfe uku za su tafi da shi." Ta dafa akwatin. "Bai san ni ba. In ya mutu a kan teburin nan, zai mutu yana ganin ni wata baiwar Allah ce da ke kawo masa ayaba."

Tsohon ya aje abincin. Ya goge hannu, ya ɗora akwatin a kan kanta, ya cire ƙyallen gaban. Sabuwar sifika na ta ƙyalli.

"Kin san abin da ya huda waccan?"

"Tsufa mana. Ko ɓera."

"Ɓera!" Ya yi dariya har da tari. "Ɓera mai suna Verna. Ranar da aka haife ki, ubanki na can garin Helena yana kiɗa. An aika masa sau biyu, ya ce bari ya ƙarasa. Kwana uku yana ƙarasawa. Da uwarki ta dawo gida da ke a hannu, ta tarar da akwatin nan a tsakar ɗaki, shi kuma yana barci. Ta aje ki a kan gado, ta ɗauko cokali mai yatsu, ta soka wa sifikar, ta ja. Ya kawo min yana hawaye in gyara. Muka jona don mu ji iya ɓarnar. Yarinya, da ya taɓa tsarkiya ɗaya sai da gashin jikina ya tashi. Sautin ya dishe, yana rawa, kamar mace ta yi kuka ta gaji amma ba ta gama faɗin abin da ke ranta ba. Ya ce, 'Percy, kar ka taɓa. Verna ce ke magana.' Tun daga ranar mutane suka fara tuƙo mota daga Chicago don su ji shi."

Odessa ta sake duban kwalin. Shekararta hamsin da biyu, ba wanda ya taɓa gaya mata.

"To huda wannan," in ji ta. "Ka san wurin."

"Na san wurin. Nan, gefen hagu, ƙasa kaɗan." Ya ɗauki cokali mai yatsun da yake cin kifi da shi, ya goge a wandonsa, ya miƙa mata. "Amma ba hannuna ba. Ni mai gyara ne, in na yi zai fito da tsari. Hannun gidanku ne ya yi na farko."

Ta karɓa. Sabuwar sifika, wadda ta zaɓa da kanta! Ta kai cokalin ta ɗan dangwala, kamar mai duba ko dankali ya nuna. Ko alama bai yi ba.

"Wannan me ke nan? Susa kike mata?"

"Ina tsoron kar in lalata ta gaba ɗaya."

"Za ki iya lalatawa. In kin zarce tsakiya, shi ke nan, kuma ba ni da wata irinta. Uwarki dai ba ta tsaya lissafi ba. Haushi take ji." Ya leƙa fuskarta ta saman tabarau. "Ke ba kya jin haushinsa?"

"Mutumin da ba shi da lafiya? Haba, Mista Percy."

"Ban tambaye ki ko yana da lafiya ba."

Sai abin ya taso mata tun daga ciki. Ranar da ta gama makaranta, kujerarsa babu kowa. Ranar aurenta ya iso bayan an watse, da jita a kafaɗa, yana murmushi. Da uwarta ke jinya, ita ce ta yi ta wanka da juyi, shi yana zaure yana kaɗa wa bango. Ga shi yanzu, ita ke yanke masa farce, ita ke ba shi abinci a baki, amma katako da waya ya tuna, ita ya manta. Haushi take ji, sosai ma, kuma tana son tsohon nan har ba ta san yadda za ta yi da ranta ba.

Ta soka. Ta ja. Takardar ta ce ɓarat.

Mista Percy ya sunkuya ya duba. "Kai! Kin fi ta zurfi." Ya miƙa hannu zai ɗauko jita su gwada, sai wayarta ta yi ƙara. Mavis ce.

"Sun zo fa. Wai suna da wani ɗaukan bayan naku, shi ya sa suka zo da wuri. Ina kike?"

Ƙarfe biyu da minti biyar. Ba ta tsaya gwaji ba, ta rungumi akwatin ta fita.

Da ta iso, motar na tsaye a ƙofa, bayanta a buɗe. An fito da Lucius a keken marasa lafiya har baranda, an lulluɓe masa gwiwa da bargo. Mavis ta tsaya a gaban keken da takardu a hannu, tana musu da direban, wani ƙato mai gemu.

"Na ce maka shafi na uku babu sa hannu."

"Sista, ga sa hannu nan ina gani!"

"Ba ka iya karatu ba ne? Bari in nemo tabarana."

Tabaran na rataye a wuyanta. Odessa ta wuce su da gudu, ta jona wayar a soket ɗin da ake jona fankar baranda, ta ɗauko jitar daga ɗaki ta aza masa.

"Madam, ba mu da lokaci," in ji direban.

"Minti biyar. Na roƙe ka da girman Allah."

Lucius ya dubi jitar da shakka. "Ai na ce ba tawa ba ce."

"Sake gwadawa, Baba. Sau ɗaya."

Ya ɗora yatsa don dai ya rabu da ita. Ya kaɗa, ya tura tsarkiyar sama.

Sautin ya fito a dishe, da kaushi, yana karkarwa. Tsohon ya daskare. Bai saki ba, ya riƙe sautin nan guda ɗaya yana girgiza yatsa, ya ja shi, ya ja shi, har sai da ya kusa mutuwa, sannan ya sauke shi a hankali kamar mai kwantar da jariri. Ya yi shiru na numfashi biyu. Ya sake ɗaukowa daga ƙasa. Ba sauri yake ba, sautukan ba su fi biyar ba, amma kowanne sai ya tsaya ya faɗi damuwarsa kafin na gaba ya zo. Ya rufe ido, leɓensa na motsi. Tsofaffin da ke zaune a baranda suka daina lilo da kujerunsu. Wata tsohuwa ta ɗaga hannu sama ta ce, "Faɗa musu, ɗana." Direban da ke ta duba agogo ya saki hannunsa.

Odessa ta ji kiɗan nan sau dubu tun tana yarinya, kullum a matsayin abin da ke ɗauke mata uba. Yau ne ta fara saurarensa. Ashe haƙuri yake bayarwa. Shekara hamsin yana bayarwa, da harshen da ya iya.

Kwatsam ya dafe tsarkiyoyin da tafin hannu, kiɗan ya yanke. Ya buɗe ido, ya sunkuya yana leƙen gaban akwatin, inda aka manta ba a mayar da ƙyallen ba. Ya ga sabuwar takarda, ya ga yagar. Fuskarsa ta murtuke.

"Wa ya taɓa min kaya?"

Idonsa ya bi Mavis, ya bi direban, ya zo kanta ya tsaya. Ya ƙanƙance.

"Odessa Mae Tillman! Sau nawa zan gaya miki kar ki riƙa taɓa min kaya?"

Ta durƙusa a gaban keken, hawaye na zuba, dariya na neman ƙwace mata. "Ni ce, Baba. Ni na taɓa."

"Ai na sani. Wa zai yi in ba ke ba?" Ya sake duban yagar, ya girgiza kai. Sannan ya ɗora tafinsa a kanta, yatsun nan masu kanta suna shafa furfurar da ta fara fito mata. "Hannunki ya fi na uwarki nauyi. Me na yi miki haka?"

"In ka dawo zan gaya maka."

"To," in ji shi. "Ki aje min akwatin a inda ba rana."

Direban ya yi gyaran murya, ya kama keken. Mavis ta miƙa masa takardunsa ba tare da ta duba shafi na uku ba.