Motar Wonogiri

A yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba. Wannan ma don na ga ba wanda ya rubuta shi ne.

Ningrum, yarinyar da ke rubuta sunayen 'yan adashi, tana girgiza kwalbar adashin. Matan layin sun kewaye katifar Kaka Painah, don tun da ciwo ya kwantar da ita aka dawo da zaman adashin ɗakinta. Sunan kowace mace na naɗe a cikin kwalbar, wadda nata ya faɗo ita ke ɗauka.

Hartoyo, ɗan tsohuwar, yana bakin ƙofa yana latsa waya. Shi ya cire ajiyarta daga ɗan bankin bakin kasuwa ya sayi hannun jari. Kuɗin kuwa ta tara su ne don a kai gawarta garinsu Wonogiri, kusa da kabarin mijinta. Kasuwar ta faɗi, abin da ya rage ko man mota ba zai saya ba.

Takarda ta faɗo. "Painah," in ji Ningrum, muryarta can ƙasa.

"Tsohuwa mai sa'a," in ji Darmi mai soyayyar ayaba, ta tura mata ambulan ɗin kuɗin.

"Miƙo min kwalbar," in ji Kaka Painah.

Kaka Painah ba ta iya karatu ba. Ta girgiza da kanta, wata takardar ta faɗo. Ta jera biyun a kan zaninta, ta daɗe tana kallo. Zanen iri ɗaya ne sak.

"Ashe mu Painah mun yi yawa a layin nan. Hannun wa ne?"

Ningrum ta sunkuyar da kai.

"Ni na sa ta," in ji Darmi. "Ki yi faɗan da ni, in kina da ƙarfi."

"Ƙarfina na wani ne yau."

Hartoyo ya matso ya durƙusa. "Inna, wanda ya sayar a faɗuwa shi ya yi asara, mu ba mu sayar ba. Yanzu komai ya yi araha. In na ƙara da wannan, kafin azumi..."

"Kafin azumi ina ƙasa, Toyo. Wace ƙasa ce, ita nake son sani." Ta yi tari. "Ɗebo min ruwa. Mai ɗumi."

Yana fita ta cafke hannun Ningrum, ta cusa mata ambulan.

"Ke 'yar littafi, kin san gidan Sukirman mai mota? A hannunsa za ki sa. Ki ce a kwance zan tafi, ya cire kujerun baya."

Ningrum ko saƙo a shago ba ta son kaiwa, don kada a yi mata magana. Amma ta bi ta bayan kicin, ta tsallake kwata, ba ta tsaya ba sai gaban Sukirman. Da kalmomin suka maƙale, ta maimaita har ya gane.

Ranar Alhamis da hantsi Kaka Painah ta cika. Sukirman ya zo da motar a wanke. Hartoyo ne ya riƙe wajen kai, ya shiga baya ya zauna a ƙasa kusa da ita.

Motar ta sha kwana. Kujerun na jingine da katangar masallaci, yara biyu sun hau suna lilo da ƙafa. Darmi ta fara raba shayi tana tambayar wa bai samu ba. Ningrum ta ɗauki takalmanta a hannu, ta zame ta bayan matan.